Wa Ya Kashe Hedwig? Mujiya, Camfi da Hasashen Masoya

A garuruwanmu, idan mujiya ta sauka a kan katanga da dare ta yi kuka, ba a tsayawa tambayar abin da ya kawo ta. Wani ya yi a'uziyya, wani ya laluɓi dutse. Da rana kuwa ba sai mutum ya wahalar da kansa ba, tsuntsaye 'yan uwanta sun ishe ta: su taru a kanta da tsiwa da sara har sai ta bar musu bishiyar. Daga nan muka samo maganar da ake yi wa wanda jama'a suka tsangwama, a ce an mai da shi mujiya. To amma mu ɗin nan, waɗanda suka taso da faifan CD da ƙarar janareta, da yawanmu mun zauna gaban talabijin a ƙarshen 2010 ko bayanta kaɗan, mun ga wani koren haske ya bugi wata farar mujiya ta faɗo daga sama, muka ji wani abu ya tokare mana maƙogwaro. Ba wanda ya ce Allah ya ƙara.

Sunanta Hedwig, mujiyar Harry Potter. Ga wanda bai san labarin ba: littattafai bakwai ne J. K. Rowling ta rubuta tsakanin 1997 da 2007, a kan wani maraya ɗan Ingila da ya gano cewa shi jinin masu sihiri ne. A duniyar masu sihirin nan mujiyoyi ne ke kai wasiƙa. Ranar da Harry ya cika shekara 11, wani ƙato mai taushin zuciya, Hagrid, ya saya masa farar mujiya, ita ce kyautar kirki ta farko da ya taɓa samu ta zagayowar ranar haihuwa. Ta zauna da shi shekara shida, aka kashe ta a babi na huɗu na littafin ƙarshe.

Tun daga lokacin masoya ba su bar ta ta huta ba. Duk wanda ke da waya ya taɓa cin karo da irin bayanan nan, a rubuce ko a ɗan gajeren bidiyo, masu farawa da alkawarin tona wani sirri da kowa ya tsallake. Wasu sun ce Hedwig inuwar Athena ce, gunkiyar hikima ta Girkawa, mai rakiyar jarumai. Wasu sun ce a'a, tsuntsuwar ajali ce, an rataya wa yaron alamar mutuwarsa tun ranar farko. Wasu suka bi ta kan sunanta, suka ce wakiliyar mahaifiyarsa ce da ta rasu. Wanda ya fi duka yawo kuwa shi ne mai cewa Severus Snape, malamin nan mai baƙin hali da farar aniya, shi ya kashe ta da hannunsa don ya ceci Harry.

Ba mu zo yi wa masu wannan aiki dariya ba. Mutumin da ya koma ya karanta shafuka fiye da dubu uku don ya kare ra'ayinsa a kan tsuntsuwa ɗaya ya fi mai karatun da ya rufe littafi ya manta. Damuwarmu da hanyar da ake bi ce, da kuma abin da take ƙwace wa labarin.

Hanyar ga ta. A ɗauki kalmar mujiya, a shiga rumbun almarar duniya kamar mai duba ƙamus, a zaro ma'anar da ta dace da abin da aka riga aka ƙudurta. Matsalar ita ce wannan rumbu ba abin da babu a cikinsa. Mutanen birnin Atens sun buga hoton mujiya a kan kuɗinsu na azurfa tun kusan shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, har yau ma tana nan a kan kwabon yuro ɗaya na Girka. Ka tsallaka teku kaɗan zuwa Rum, labari ya juye: marubucinsu Pliny ya kawo cewa wata mujiya ta taɓa shiga babban ɗakin bautarsu na Kapitol, sai da aka yi wa birnin gaba ɗaya bikin tsarkakewa. Su Girkawan da kansu ba bakinsu ɗaya ba, don suna da labarin Askalafus, wanda ya kai tsegumin cewa Persephone ta ci 'ya'yan rumman a lahira, aka hukunta shi da rikiɗa zuwa mujiya. A Indiya mujiya ce abin hawan Lakshmi, gunkiyar arziki, amma duk wanda ya sha kallon finafinan Indiya ya san idan aka kira mutum ullu, wawa ake nufi, kuma ullu ɗin mujiya ce. A Japan ana sayar da ɗan mutum-mutuminta don neman sa'a, saboda sunanta, fukuro, yana amo da kalmar da ke nufin rashin wahala. Hikima, wauta, arziki, ajali, tsegumi, sa'a. Tsuntsuwa ɗaya.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja muna da wata ƙa'ida da ake koya wa sabon shiga tun makon farko: gwajin da ba zai taɓa faɗuwa ba, ba gwaji ba ne. Idan ka rubuta gwajin da zai ce lafiya lau ko manhajar ta yi daidai ko ta yi shirme, to ka ɓata wutar kwamfuta ne kawai. Haka karatun alama irin wannan yake. Da Hedwig ta rayu har ƙarshe, sai a ce ai ga Athena nan ta raka jaruminta zuwa nasara. Da ta mutu, an ce ai dama tsuntsuwar ajali ce. Da ta tona asirin Harry, ga Askalafus yana jira a layi. Da ta kawo masa gado, ga Lakshmi. Babu abin da marubuciyar za ta rubuta wanda zai ƙaryata mai hasashen, kuma wannan shi ne shaidar cewa hasashen bai ce komai a kan littafin ba.

Bari mu gwada na Athena da abin da ke iya kayar da shi. Mujiyar Athena sananniya ce, 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba da yawa, tana zama a tsofaffin gine-gine da kogon bishiya. Hedwig kuwa mujiyar ƙanƙara ce, ta can ƙarshen arewacin duniya, wadda idan ta buɗe fukafukai sukan kai kusan mita ɗaya da rabi. A ƙasarta, lokacin bazara rana ba ta faɗuwa, don haka da hasken rana take farauta. Rowling da kanta ta amsa cewa sai bayan ta gama littafin farko ta gano wannan, alhali ta riga ta rubuta Hedwig tana fita yawon dare. Wato ba daga littafin almara ta zaɓo tsuntsuwar ba, kyanta ne ya ja ta. (A fim ma mazan mujiyoyi ne suka fito a matsayin Hedwig, saboda namijin ya fi macen fari tas.) Sannan marubuciyar ta san Athena sarai. Sunan da Rumawa ke kiranta da shi, Minerva, ta ɗauka ta ba Farfesa McGonagall, ita kuma idan za ta rikiɗa kyanwa take zama. Wanda ke neman hikimar Athena a makarantar Hogwarts, ga ta can tana gyara tabarau, ba ta cikin keji.

Ita Hedwig ɗin ma ba ta taɓa ba wa kowa shawara ba. Tana da basira, wannan ba musu: a littafi na uku ita ta yi gaban kanta ta tashi har Faransa wurin Hermione, don kada ranar haihuwar Harry ta wuce hannu rabbana. Amma halinta na yau da kullum na mai ji da kai ne. Ga fushi, ga juya baya, ga raina ƙaramar mujiyar Ron mai rawar kai. Idan ana neman kakanta a adabi, ya fi kusa a duba Archimedes, mujiyar boka Merlyn mai saurin hasala a littafin T. H. White na 1938, fiye da a tafi dutsen Olimpus.

Wannan ba yana nufin babu tsohuwar almara a littafin ba. Akwai, kuma inda take ta fi inda ake nemanta daɗi. Haɗa mujiya da maita tsohon abu ne a Turai. Rumawa suna da wata dodanniyar tsuntsuwa, strix, mai shiga ɗaki da dare ta sha jinin jarirai, kuma daga sunanta Italiyawa suka samo kalmarsu ta mayya, strega. Saboda haka ba wa masu sihiri mujiya ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne aikin da aka ba ta: masinja. Tsuntsuwar da Turawa suka shafe ƙarnoni suna tsoron saƙon da take kawowa daga gaibu, an ɗaura mata jarida a ƙafa, tana jiran a biya ta kuɗin kawowa. Dubi kuma yadda littafin farko ya buɗe. Mujiyoyi sun cika sararin Birtaniya da rana tsaka, har mai karanta labarai a talabijin yana mamaki. A tsohon camfin Turawa, ganin mujiya da rana alamar faɗuwar babban mutum ce, Shakespeare ma ya sa ta cikin abubuwan al'ajabin da suka gabaci kisan Kaisar. A nan ma wani babba ya faɗi, sai dai azzalumi ne, Voldemort, kuma mujiyoyin albishir suke rabawa. Wannan wasa da camfi yana kan shafi, ana iya nuna shi da yatsa. Marubuciyar ta ɗauko tsoron ta kife shi, abin da mai duba ƙamus ba zai taɓa gani ba, don shi ma'anar da ta shigo da ita yake nema, ba abin da aka yi da ita ba.

Hasashen suna ya fi na Athena ƙafafu. A cikin labarin, Harry ya tsinci sunan ne a littafin tarihin sihiri. A wajen labarin, marubuciyar ta ce sunan wata waliyiyar Kirista ce ta tsakiyar zamani. Akwai Hedwig ta Silesiya, matar sarauta da ta rasu a 1243, wadda aka sani da hidimar talakawa, har daga baya aka kafa wata ƙungiyar mata masu ibada da sunanta, masu kula da marayu. Maraya ya raɗa wa abokiyar zamansa sunan mai kula da marayu: faɗuwa ta zo daidai da zama, kuma ba ma jayayya da wanda ya ji daɗin wannan. Inda muke rabuwa shi ne lokacin da aka ɗora tsani a kai, aka ce tunda haka ne ruhin Lily, uwar Harry, yana cikin tsuntsuwar. Littafin bai ɓoye inda kariyar uwar take ba. Ya faɗa ya maimaita: a jinin yaron take, da kuma gidan 'yar uwarta. Labarin da ya bayyana abu ƙarara har sau da yawa ba ya bukatar a ɓoye masa kwafi na biyu a cikin gashin tsuntsu.

Yanzu ga babban. Daren da za a fitar da Harry daga gidan ƙanwar uwarsa, ko mu ce yayarta, Petunia, abokansa shida suka sha maganin rikiɗa suka koma kamanninsa sak, aka tashi Harry bakwai, kowanne da mai tsaronsa, don a rikita mayaƙan Voldemort. Masu hasashe suka ce: farar mujiya ita ce abu ɗaya da zai nuna Harry na gaske. Snape yana cikin maharan, fuska a rufe, kuma mun san daga baya cewa a ɓoye yana kare yaron. Don haka shi ne ya harbe ta, ya sadaukar da tsuntsuwa don ya rufa wa mai ita asiri. Biri ya yi kama da mutum. Akwai ɗaci, akwai sadaukarwa, akwai Snape, wanda masoya ba sa gajiya da wanke shi.

Sai dai labarin nan siga biyu gare shi, kuma hasashen ya tsaya ne da ƙafa ɗaya a kowacce. Duk mai rubuta manhaja ya san ranar baƙin cikin da ake samu idan aka yanko wani sashe daga tsohuwar siga aka liƙa a sabuwa: kowane layi daidai yake a gidansu, haɗuwar ce ƙarya.

A littafi, Hedwig ba ta tashi ba sam. Tana kulle a keji, a cikin akwatin gefen babur ɗin Hagrid, kusa da gwiwoyin Harry. Wanda ya tsara tafiyar kuma ya riga masoya tunani, don kowane Harry na bogi an ba shi keji da farar mujiyar bogi a ciki. Mujiya bakwai ke sama a daren, ba wadda ta fi wata tona asiri. Suna tashi mahara wajen talatin suka kewaye su, babur ya kife, Harry ya cafko kejin da ƙyar, kafin ya sauke numfashi wani koren haske ya same ta. Abin da ya fallasa shi daga baya halinsa ne: ya gane wani saurayi, Stan Shunpike, cikin maharan, ya ga alamar ba a hayyacinsa yake ba, sai ya ƙi jifansa da abin da zai hallaka shi, ya yi amfani da sihirin ƙwace sanda wanda kowa ya san shi da shi. Lupin ya yi masa faɗa a kan haka bayan sun sauka. Snape kuwa littafin ya gaya mana inda yake. A babi na 33, cikin tunaninsa da ya bar wa Harry, mun gan shi a bayan Lupin da George, ya kai hari ga hannun wani maharin da ke shirin kashe Lupin, ya kuskure ya sare kunnen George. Wannan babi an rubuta shi ne musamman don a zazzage duk abin da Snape ya yi a ɓoye. Kunnen George ya samu shiga. Da akwai mujiya, da ta shiga.

A fim ɗin 2010 aka canza. Harry ya sake ta kafin a tashi, ta dawo a tsakiyar faɗa ta afka wa wani mahari, aka kashe ta, daga baya Harry ya ce yana jin ita ce ta sa aka gane shi. A nan ne kaɗai take tona asiri. Amma a nan ma lissafin bai fita ba, don ta riga ta tona kafin a harbe ta. Kashe ta bayan ta nuna mai ita ihu ne bayan hari. Ga shi kuma ba a jima ba Voldemort ya bayyana a kan Harry. Idan ceto ne aka yi niyya, to an yi aikin baban giwa.

Wato daga fim aka ɗauko dalilin kisan, daga littafi aka ɗauko Snape mai aikin ɓoye a daren, aka ɗinke su, aka yi shiru da mujiyoyin bogi shida da kunnen George.

Abin tambaya a wurinmu ba shi ne ko hasashen daidai ne ba, wannan mun gama da shi. Abin tambaya shi ne me ya sa ake son sa haka, har mutumin da aka nuna wa shafin yakan ce shi dai ya fi son nasa. Muna ganin amsar ita ce mutuwar Hedwig a littafi ba ta da amfani ga kowa, kuma zuciya ba ta son haka. Fim ya fara rarrashinmu, ya ba ta mutuwar jaruma. Hasashen Snape ya ƙara wani rarrashin, ya ce akwai mai hankali a bayan abin, an auna an zaɓa. Masu Athena da masu tsuntsuwar ajali su ma rarrashin suke yi ta wata hanya, suna cewa an rubuta haka tun farko, ga alamun nan. Duka ukun suna guje wa abu ɗaya: cewa wani wanda ba a ko faɗi sunansa ba ya yi jifa cikin duhu, ya sami wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Alhali idan akwai alamar da littafin ya gina da hannunsa a kan Hedwig, shekara bayan shekara, to keji ne. A littafi na biyu, mijin Petunia ya sa wa kejin kwaɗo duk tsawon hutu, sannan ya sa wa tagar Harry ƙarafuna, ana turo masa abinci ta wata 'yar kafa a ƙofa, yana raba ɗan abin da ya samu da ita. Daren da su Ron suka zo da mota mai tashi, saura kaɗan ya tafi ya bar ta, ƙararta ce ta tuna masa, ita ce kuma ta tashi maigidan. Duk lokacin da aka kulle yaron, an kulle ta. Duk hutun da ya yi a gidan da ba a ƙaunarsa, ita kaɗai ce mai rai daga ɗayar duniyar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, shaidar cewa makarantar ba mafarki ba ce.

Daga littafi na huɗu kuma kyanta ya fara zama matsala. Ubangidansa Sirius, wanda ke ɓoye, ya aiko cewa a daina turo ta, a riƙa canza mujiya. Dalilin zai yi wa duk mai aikin tsaron bayanai daɗi: ba sai maƙiyi ya buɗe wasiƙa ba, ya isa ya ga farar tsuntsuwar da ba ta ƙasar ba tana zarya zuwa wuri ɗaya. Abin da muke fama da shi ke nan yau a kan wayoyinmu, saƙo a kulle amma an san wa ya tura wa wa, da yaushe, daga ina. Hedwig ba ta fahimci wannan ba, ta ɗauka raini ne, ta juya wa Harry baya. A na biyar aka tare ta a hanya, ta iso da fiffike a jirkice. Duniya tana ƙunci, ita ma sararinta yana ƙunci. Zuwa farkon na bakwai ba ya iya sakinta sosai, tana fushi da shi, ya yi mata magana ta yi banza da shi. A cikin wannan fushin aka saka ta a babur. Ba su shirya ba. Ta mutu a cikin kejin da ya kulle ta don ya kare ta, kuma mintoci kaɗan bayan haka, da akwatin gefen ya ɓalle, shi da kansa ya tarwatsa shi don ya tare masu binsa, gawarta na ciki.

Wannan ya fi duk wani sirri da aka ce an tono nauyi, kuma ba a ɓoye yake ba. Marubuciyar, da aka tambaye ta a wata hira da masu karatu jim kaɗan bayan fitar littafin, ta ce rashin Hedwig rashin ƙuruciya ne da kwanciyar hankali. Mun yarda, amma ko ita ta taƙaita. Shafin ya fi bayaninta zafi, saboda akwai laifi a ciki, irin laifin da ba na kowa ba wanda duk da haka mutum ke ɗauka har kabari. Duk wanda ya taɓa rabuwa da wani cikin 'yar gaba, yana cewa gobe ma shirya, ya san wurin. Idan ka ba Snape wannan kisa, ka sauke wa Harry kayan, ka kuma sauke wa mai karatu.

Laifi tudu ne. Mu ma muna da namu hasashen, kuma mun daɗe muna jin daɗinsa. Mukan ce ai mujiyar Bahaushe ta fi ta Girkawa dacewa da wannan labari. Wane ne aka mai da mujiya kamar Harry? A gida ana ɓoye shi idan baƙi za su zo. A makaranta, shekara ta biyu an ce shi ke kai wa ɗalibai hari, ta huɗu an ce ya yi maguɗi, ta biyar jarida ta mai da shi maƙaryaci, duk inda ya gifta sai a taru a kansa kamar tsuntsayen rana. Har muna da gada zuwa Birtaniya: a tsofaffin hikayoyin Wales akwai Blodeuwedd, matar da aka ƙera da furanni, ta ci amanar mijinta, aka mai da ita mujiya, hukuncinta kuwa shi ne kada ta ƙara nuna fuska da rana, sauran tsuntsaye su riƙa tsangwamarta. Kamar a bakin kakarmu aka ɗauko. Ba mamaki, don abin da ido ke gani ne: ƙananan tsuntsaye a ko'ina sukan yi wa mujiya taron dangi idan suka gan ta da rana, tunda da dare ita ke cinsu. Mutanen Wales sun gani, mun gani, mutanen Indiya da suka ba mu yaƙin hankaki da mujiya a Kalila wa Dimna su ma sun gani.

Amma idan muka sa shi a gwajin da muka sa na wasu, shi ma ya faɗi. Ba wanda ke tsangwamar Hedwig a littafin. Sha'awarta ake yi. Abin da muke da shi ba mabuɗin labarin ba ne, abin da muka shigo da shi ne daga gida, kuma yana da amfaninsa muddin mun kira shi da sunansa. Yana bayyana dalilin da ya sa mu, musamman, muka ji wani iri da muka ga yaro yana shafa kan mujiya. Bai bayyana abin da Rowling ta nufa ba.

Akwai ma wani da ya fi wannan jan hankali, wanda da masu hasashen ruhin Lily sun san shi da sun yi biki. Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa idan aka kashe mutum ba a ɗaukar masa fansa ba, wata tsuntsuwa mai kamar mujiya, hama, takan fito daga kansa ta riƙa kuka a kabarinsa tana neman a shayar da ita, har sai an zubar da jinin wanda ya kashe shi. Iyayen da aka kashe, ɗa mai bin jini, mujiya a gefensa: ga hasashe ya haɗu cikin minti biyu, kuma wannan sauƙin shi ne abin tsoron. Hadisi ya ambaci hama da sunanta cikin abubuwan da ya kore, tare da camfi da tsuntsaye. Duk da haka dutsen bai bar hannunmu ba idan ta yi kuka a katanga, ko da kuwa ɓerayen rumbunmu ta zo ci.

Wani abu da ya faru a Indonesiya ya nuna ta inda ma'ana ke gudana. Sunan mujiya a can burung hantu, wato tsuntsun fatalwa. Wasu masu bincike biyu, Vincent Nijman da Anna Nekaris, sun buga nazari a 2017 kan kasuwannin tsuntsaye na Java da Bali, suka tarar mujiyoyin da ake sayarwa sun ƙaru ƙwarai bayan shigowar littattafan da finafinan, har ana kiransu tsuntsun Harry Potter. Sun yi taka-tsantsan wajen ɗora wa labarin laifin duka, don yaɗuwar intanet ta zo a lokaci guda. Amma sunan kaɗai ya ishe mu. Ba fatalwar ce ta fassara Hedwig ba, Hedwig ce ta ture fatalwar. Sakamakon kuwa, ga tsuntsayen da ake kamowa daga daji, shi ne keji.

A littafin, bayan an sauka an ƙirga, an tarar babban mayaƙinsu Moody ya mutu, George ba kunne. Kowa na jimamin mutum. Harry bai ga fuskar da zai ce a yi masa ta'aziyyar tsuntsuwa ba. Can uwar Ron, tana neman abin da za ta lallashe shi da shi don kada ya tafi, ta tambaye shi ina mujiyarsa, a kai ta wurin ta Ron a ba ta abinci. Bai iya ba ta amsa ba. Ya ɗaga kofin da ke hannunsa ya shanye abin da ya rage.